Hiske Mai Awon Talata

A Aldeterp ranar Talata ake awon jarirai. Tun ƙarfe takwas da rabi kekunan tura yara sukan yi layi a jikin bangon ɗan gidan jan bulon da ke bayan coci, an lulluɓe su saboda yayyafi. Ɗaki uku ne a gidan: na likita, na Sista, sai babban ɗakin da uwaye ke tuɓe 'ya'yansu su naɗe su a tawul su jira layi. A kusurwar babban ɗakin, kusa da murhun ɗumama wuri, nan sikeli yake. Nan kuma Hiske Bouma ta tsaya shekara ashirin da shida.

Ba ma'aikaciya ba ce. Ba ta da takardar shaida, ba ta da albashi, ba ta da farar riga, sai wata shuɗiya mai aljihu biyu da ta ɗinka da kanta. Aikinta ta karɓi jariri tsirara daga hannun uwarsa, ta kai shi sikeli, ta rubuta nauyinsa a katin awo, ta miƙa katin ga Sista. Duk garin Beppe suke ce mata, wato kaka, har waɗanda ke da kakanninsu a gida.

Ita ce ta shida a 'ya'ya takwas na wani ɗan ƙodagon gona. Tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta masana'antar madara, aka tsayar da ita a teburin man shanu. A yanko, a ɗora a sikeli, a naɗe a takarda, daga safe har yamma. Bayan shekara biyu mai duba aiki ya daina tsayawa a kanta, don ya lura abin da ta yanko ba ya neman ƙari ko ragi. A nan ta haɗu da Siebren, wanda ke zagaya gonaki da mota yana kwaso tulunan madara. Mutum ne marar magana, ita ma haka, sai suka ga babu wanda zai dami wani. Ɗa guda suka samu, Oege. Da ya kai ashirin da uku ya duba ya ga babu gonar da zai gada, ya tafi Kanada. A shekarar da ya tafi ne tsohuwar Sista ta wancan lokacin ta tare Hiske a ƙofar shagon burodi, ta ce tana neman mai riƙe mata sikeli na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ne ya miƙe. Siebren kuwa ya ajiye aiki, ya yi shekara guda yana gyaran shingen gida, ranar da ya gama shafa masa fenti ya zauna a kujera bai tashi ba.

Kafin ta ɗauki kowane jariri, Hiske takan ɗora tafukanta a jikin murhu su yi ɗumi. Shi ya sa yara ba su cika yi mata kuka ba. Uwaye kuma sun san a wajenta ake sakin baki kafin a shiga gaban likita a kame.

"Beppe, yau ki ɗan rage masa," in ji wata. "Babansa ya ce dankali nake ɗura masa a ɓoye."

"Babansa ne zai yi magana? Ni na auna uban yana jariri. Sai da muka taru mu biyu muka ɗaga shi. Kawo nan."

"Nawa fa, Beppe? Bai ci komai ba duk makon nan," in ji wata kuma.

"Bai ci komai ba, amma ga wuya hawa uku. Ke ce ba ki ci ba. Je ki zauna, akwai kofi."

Haka ake yi har sha biyu. Sannan a share ɗaki, a rufe ƙofa, sai wata Talatar.

Sauran kwana shidan ba su da labari mai yawa. Gidanta ne na ƙarshe a layin da ya gangara bakin ruwa. Labulen tagarta a buɗe yake kamar na kowa, mai wucewa kan hango tebur, da fitila, da mace ɗaya tana fere dankali uku. Maƙwabta mutanen kirki ne, sukan ɗaga hannu. Amma a garin nan ba a shiga gidan mutum sai an sa rana, kuma ranar ba ta cika sawuwa ba. Wayar tarho takan yi ƙara ranar haihuwarta da ranar sabuwar shekara. Akwai makon da in ba don ta ce wa mai burodi "rabi, a yanka" ba, muryarta ba za ta fita ba daga Laraba zuwa Lahadi. Tun da aka binne Siebren, babu jikin da ya taɓa nata, in ban da musafahar bakin coci. Sai ranar Talata, da jarirai goma sha biyar ko ashirin kan bi ta hannunta ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsu, da ƙamshin madara, wani ya kama mata yatsa, wani ya tsula mata fitsari a riga. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ranar take a wurinta ba. Wataƙila ita ma ba ta taɓa faɗa wa kanta ba.

Tana dab da saba'in idonta ya fara. Ba duhu ba ne. Duk abin da ta dube shi kai tsaye sai tsakiyarsa ta dushe kamar an shafa masa man shanu, gefe-gefe kuwa yana nan garau. Ta hau bas ta tafi Dokkum ba ta gaya wa kowa ba. Likitan ido ya haska, ya rubuta, ya ce tabarau ba zai yi ba, kuma abin ba ya komawa baya. Ta yi masa godiya, ta dawo. Ta jingine kekenta a ɗakin ajiya, wanda ya tambaya ta ce gwiwa ce. Mutane kuwa da murya take gane su, da irin takunsu.

A wajen awo babu abin da ya canja, don tsohon sikelin na ƙarfe ne, mai sanda da ɗan nauyin da ake turawa. Sandar tana da tsaga-tsaga, kuma babban yatsanta ya san su kamar yadda harshe ya san haƙora. Ta tura, ta ƙirga, ta taɓa bakin sandar ta ji ya tsaya cak, ta rubuta. Layin katin ma hannunta ya san inda yake. Rubutunta dai ya ɗan ƙara girma, Sista Renske ta ce gara haka, ita ma ta huta da ƙura ido. Shekara biyu aka yi a haka.

Sai wata Talata a farkon bazara ta tarar an ɗauke shi. A gurbinsa ga wani fari, sumul, na lantarki, da ɗan gilashi inda lambobi ke fitowa jajaye.

"Daga ofis aka rarraba wa kowa," in ji Sista Renske, tana murna. Mace ce 'yar arba'in da wani abu, mai saurin tafiya, ƙauyuka biyar ne a wuyanta. "Kin huta da ture-ture, Beppe. Ɗora kawai ki karanta."

Hiske ta dubi gilashin. Wani jan abu ta gani, kamar garwashi a bayan hayaƙi.

"Ya yi kyau," ta ce.

A makonnin farko dabara ta yi. Takan ce wa uwa, "Zo ki karanta da kanki, ku ne 'yan boko." Aka yi dariya sau ɗaya, sau biyu. A na uku wata mai kaifin baki ta ce, "Beppe, ko dai idon ne?" Daga ranar ba ta ƙara ba. Ta juya sikelin, gilashin ya fuskanci bango, ta ce hasken taga ne ke kashe lambobin. Sannan ta koma ga abin da ta iya tun tana yarinya. Daga hannun uwa zuwa sikeli taku huɗu ne. A cikin taku huɗun nan damtsenta ya riga ya gaya mata. Ta kwantar da jariri, ta sunkuya kamar mai dubawa, ta rubuta abin da hannu ya ce.

Kuma hannun bai ba ta kunya ba. Wani lokaci Sista kan sake auna yaro a nata ɗan sikelin na zuwa gidaje, bambancin bai wuce na shan nono ɗaya ba. Hiske ta ce a ranta ba ta cuci kowa ba. Bazara ta wuce, kaka ta wuce.

A watan Janairu mura mai zafi ta kayar da ita. Mako uku tana kwance. Maƙwabciya takan ajiye mata miya a bakin ƙofa ta danna ƙararrawa ta tafi. Da ta tashi, siket ɗinta ya yi mata yawa, sai da ta matse shi da fil. Ta koma aiki Talatar farko ta Fabrairu, uwaye suka yi ta yi mata barka.

A watan nan yaran Aldeterp suka yi ƙiba gaba ɗaya, a kati. Sista Renske tana jera katunan ta ce, "Ko me ake ba su a garin nan? Sanyin bana ya karɓe su." Aka yi dariya, har da Hiske.

Cikin uwayen akwai Lutske, matar Harmen mai tumaki, wanda gonarsa ke can gindin ganuwar teku. Ba 'yar garin ba ce, daga kudu aka auro ta, ba ta da kowa a nan. Takan zo da wuri, ta zauna a ƙarshen benci, ba ta shiga hira. Ɗanta na fari ne, Sipke, wata biyar. Yaro ne shiru-shiru, mai manyan idanu. A awon Fabrairu ta ce, ƙasa-ƙasa, tana ganin kamar nononta ba ya isarsa. A na Maris ta sake.

"Beppe, ba ya daɗewa a nono. Ya ɗan ja sai ya yi barci. Ba ya ma kuka."

"Wasu na neman wanda ba ya kuka da kuɗinsu," in ji ta kusa da ita.

Hiske ta ɗumama hannu, ta karɓe shi. Yatsunta suka ji fatar cinyarsa ta ɗan saki, ƙafafunsa da sanyi. Amma damtsenta ya ce kilo shida da rabi, kuma damtsen ta saba ji. Ta kwantar da shi, ta sunkuya, ta rubuta.

"Shida da rabi. Yana hawa yadda ake so. Kwantar da hankalinki, 'yata, sikeli ba ya ƙarya."

Lutske ta yi ajiyar zuciya, ta yi murmushin da Hiske ta gani da gefen ido. A ciki Sista ta ce yaron dai siriri ne, irin dogayen nan, amma tunda layinsa na hawa, a dawo bayan mako huɗu.

Ranar Juma'a motar Wopke mai cuku ta tsaya a dandali kamar kullum. Duk watan Maris Hiske kan sayi kilo guda na tsohon cuku ta aika wa Oege saboda ranar haihuwarsa. Wopke ya yanka, ya auna, ya naɗe, ya miƙo. Ta karɓa, ta ɗan jinjina shi, ta mayar masa.

"Kilo na ce maka, Wopke. Ka zarce."

"Ni? Tambayi matata, Beppe, shekara talatin ba ta ga na zarce ba."

"Akwai giram ɗari da hamsin a kai. Gidan waya ba sa son ƙari. Rage."

"Wallahi kilo ne, ko ɓawo bai hau ba." Ya mayar a sikelinsa, ya juyo mata da shi. "Ga shi, duba da idonki. In na yi ƙarya ki kwashe motar."

Ta dubi wajen. Mata biyu na tsaye a bayanta suna jira.

"Na gani," ta ce. "Ka yi gaskiya."

"Mura ce ta cinye miki ƙarfi. Ki riƙa cin cukun, ki daina aika wa Kanada, su ma suna da shanu."

Ta sa cukun a jaka, ta taka zuwa gida a hankali. Ba ta cire kwat ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko ƙunshin sukari wanda ba a fasa ba, kilo guda ne tun da aka fara sayar da shi. Ta ɗora a tafin hannu. Ya fi kilo. Ta ɗauko na fulawa. Shi ma ya fi. Ta sauya hannu, ta rungume su a damtse kamar jariri, ta yi taku huɗu daga kabad zuwa tebur. Komai na gidan ya ƙara nauyi, kuma babu abin da aka ƙara wa komai.

Ta zauna. Lissafin ba mai wuya ba ne. In kilo ya zama kilo da ɗari da hamsin, to shida da rabi ba shida da rabi ba ne. Sauran yaran ba su dame ta sosai ba, ta ji cinyoyinsu, ta ji ƙarfin harbinsu. Ɗaya ne yatsunta suka yi mata magana a kansa ta ƙi ji.

Ta daɗe a wurin, har dankalin rana ya wuce lokacinsa. Hanyoyi ta yi ta bi tana dawowa. Tana iya yin shiru, ta riƙa ragewa a ranta, in Sipke ya dawo ta rubuta gaskiya. Amma mako huɗu ga ɗan wata biyar ba mako huɗun tsohuwa ba ne. Tana iya ce wa Sista, haka kawai, jikinta bai ba ta yaron nan ba, a je a duba shi. Sista za ta je, za ta auna, za ta ga yaro ya zubar da kusan kilo cikin kwana huɗu. Sannan a fara kallon Lutske, a yi mata tambayoyi cikin ladabi, a rubuta wani abu a fayil ɗinta. Yarinyar da ta faɗi gaskiya sau biyu. Duk hanyar da ta bi ta ga za ta bar mata Talatarta a ƙarshe, sai ta tarar da wani kwance a kai, ko yaron ko uwarsa.

Ko kuma ta yi kuskure. Cuku ba jariri ba ne. Wannan ta riƙe har gari ya waye.

Ranar Asabar ta ɗauki wasu 'yan safa da ta saƙa, ta kama hanyar ganuwa da ƙafa. Tafiyar awa guda ce ga mai ƙarfi. Iska na bugowa daga teku, ta riƙa tafiya a karkace, tana bin farin layin gefen titi da gefen ido. A filaye tumaki na ta haihuwa, kukan 'yan raguna ko ta ina. Ta isa ana shirin shan kofin ƙarfe goma.

Lutske ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya da mamaki. Ba a zuwa haka babu sanarwa.

"Beppe? Lafiya? Da ƙafa kika zo?"

"Safa na kawo wa mutumina. Yana ina?"

"Barci yake. Kullum barci. Shigo, iskar nan za ta ɗauke ki."

Aka zuba kofi, aka miƙo gwangwanin biskit, ta ɗauki ɗaya. Harmen ya shigo daga garke da safa, ya bar takalmansa a ƙofa, ya gaishe ta da ka, ya zauna. Lutske ta ɗauko yaron. Hiske ta ɗumama hannu a jikin kofinta, ta karɓe shi. Wannan karon ba ta saurari damtse ba. Ta zura yatsu cikin rigarsa, ta bi haƙarƙari ɗaya-ɗaya, ta taɓa maɗigarsa. Yaron ya buɗe ido ya dube ta, bai yi motsi ba.

"Harmen, da me kake auna 'yan ragunanka?"

"Sikelin ƙugiya. Me ya faru?"

"Yana da gaskiya?"

"Ya fi ni."

"Wanke shi ka kawo."

Ya dubi matarsa, ya tashi. A garin nan in tsohuwa ta ce a kawo abu, akan kawo sannan a yi tambaya. Ya rataye shi a ƙusar da ke jikin azara. Hiske ta sa Lutske ta tuɓe yaron, aka shimfiɗa mayafin tebur, aka ƙulle bakinsa huɗu, aka saƙala a ƙugiya. Sipke ya yi lilo kaɗan, ya tsaya.

"Karanta min," in ji Hiske.

"Ga shi a gabanki, Beppe."

"Ba na gani. Karanta min."

Lutske ta matso.

"Biyar da ɗari takwas."

"Mayafin da ƙullin giram ɗari ne," in ji Harmen a hankali. "Biyar da bakwai."

"Ranar Talata kin ce shida da rabi," in ji Lutske.

"Na ce."

"To wanne ne ya lalace, wannan ko naku?"

"Babu wanda ya lalace. Ban karanta namu ba. Ban taɓa karanta shi ba tun da aka kawo shi. Da hannu nake aunawa, hannun kuma ya tsufa ban sani ba. Jiya na sani."

Lutske ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro ɗanta daga mayafin, ta rungume shi a ƙirji, ta ja rigar sanyinta ta rufe shi, ta ɗan juya kafaɗa.

"Na gaya miki," ta ce. "Sau biyu."

"Kin gaya min."

"Na koma gida ina cewa ni ce mai tsoro. Har dariya na yi wa kaina."

Hiske ta juya wajen Harmen.

"Kira Sista Renske a gida. Ka ce mata ina nan, ni na ce ta zo yanzu."

Sista ta iso kafin rabin awa. Ta duba yaron, ta auna shi a nata, ta yi waya, ta ce a haɗa masa kaya, babban asibiti za a kai shi yau, ba don abin ya ɓaci ba, don kada ya ɓaci. Harmen ya fito da mota. Lutske ta wuce ta gaban Hiske da jaka a kafaɗa, ba ta dube ta ba. 'Yan safan suna kan tebur inda aka ajiye su.

Sista ce ta mayar da Hiske gida. Da suka yi rabin hanya, abin share gilashi yana kai da komo, Sista ta tambaya.

"Tun yaushe?"

"Idon, shekara uku. Hannun, tun mura."

"Shekara uku, Beppe. Muna shan kofi tare duk mako. Me ya hana ki gaya min?"

"Da kin yi me?"

Sista ta rage gudu, ta kauce wa wata tarakta.

"Ni ma na gan shi," ta ce daga baya. "Na ga siriri ne. Na dubi kati na bar yaro."

"Katin nawa ne."

"Duk waɗanda kika auna tun Fabrairu sai an kira su an sake. Kafin Litinin da yamma garin ya ji," in ji Sista. "Ina iya cewa sikelin ne ya samu matsala. Sabo ne, ba wanda zai yi mamaki. Ke kuma ki ce gwiwa ta hana ki tsayuwa."

Hiske ta daɗe tana kallon gefen titi. Wannan hanyar ba ta zo mata jiya ba, kuma ta fi sauran laushi.

"A'a," ta ce. "Sikelin lafiyarsa ƙalau. In kika ce ya yi ƙarya sau ɗaya, gobe uwa za ta ga ɗanta ya ragu ta ce ai sikelin nan ne. Ki ce ni ce."

"To ki riƙa zuwa dai. Ki haɗa kofi, ki ninke tawul. Wurin ba zai yi daɗi ba babu ke."

"In tsaya ina? Kowace za ta shigo ta ƙanƙame ɗanta tana min murmushi. Ki bar su su saki jiki. Samu yarinya mai ido."

Motar ta tsaya a ƙarshen layi. Sista ta kama hannunta ta riƙe, ya fi tsawon musafaha. Sannan Hiske ta fita, ta lallaba ta nemo ramin makulli da yatsa.

Sipke ya yi kwana tara a asibiti. Nonon ne bai ishe shi ba, ya yi kuka har ya gaji ya daina. Aka haɗa masa da kwalba, ya dawo yana ihu kamar kowane yaro. A shagon burodi Hiske ta ji, ba da ita ake maganar ba. Sauran yaran duk lafiya, an dai gyara musu kati. Garin ya yi maganar mako biyu. Wasu suka ce abin tausayi, wasu suka ce da ɗansu ne da ba su san abin da za su yi ba, kuma duka biyun suna da gaskiya. Ba wanda ya faɗa mata ko ɗaya a fuska. Ana dai ɗaga mata hannu kamar da. Lutske ta yi wata huɗu tana tsallaka titi in ta hango ta. Daga baya ta fara gyaɗa kai. Iyakar abin ke nan, Hiske kuma ba ta sa ran fiye da haka ba.

Matar malamin makaranta ce ta karɓi sikelin. An ce tana da kirki, kuma ba ta kuskure.

A layin bakin ruwa, tun zamanin iyaye, ranar Litinin ake wanki. Kafin ƙarfe tara duk igiyoyin bayan gidaje sun cika, zannuwan gado na kaɗawa daga wannan shinge zuwa wancan. A farkon Afrilun nan maƙwabciya ta lura igiyar Hiske babu komai ranar Litinin, har ta yi niyyar danna ƙararrawa ta ji ko lafiya. Washegari da ƙarfe takwas da rabi sai ga ta ta fito da kwando, tana lalubar igiya tana shanya, ita kaɗai a duk layin. Kayan ba su da yawa. Ta shanya su ɗaya-ɗaya, tana miƙar da kowanne, tana gyara masa zama, ba ta gaggawa. In sun sha iska ta kwashe, ta kafa teburin guga, ta goge har da tsumman kicin. Takan gama wajen sha biyu.

Maƙwabciyar ta tambaye ta ta kan shinge ko ta manta kwanakin ne.

"Ban manta ba," in ji Hiske. "Talata ta fi iska."